Zai sayar da filinsa na Millennium City ya sayi gida a Ingila, ku ba mu shawara

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ku yi haƙuri da tsayin rubutun, tun daren jiya nake rubutawa ina gogewa. Ƙanina ne da ke Manchester, shekararsa huɗu a can yana aikin nas, matarsa da yara biyu suna tare da shi. Ranar Juma'a ya kira ni wai ya gaji da zaman haya, fam 1,200 yake ba mai gida duk wata kuma ko ƙusa bai isa ya buga a bango ba, ya ga wani gida na fam 220,000 yana so. Wai in sa masa filinsa na Millennium City da ke nan Kaduna a kasuwa ya haɗa da abin da ya tara ya ba da kafin alƙalami, sauran banki ya biya. Filin nan ni na yi ta sintiri KADGIS, hukumar filaye ta Kaduna, sai da takardarsa ta fito, har bulo dubu biyu mun sauke. Hajiyarmu da ta ji ko tuwon dare ba ta ci ba, cewa take shikenan Auta ya zama Bature ba zai dawo ba. Ita kuma matar tasa ta ce in an sayi gidan a ɗauko mata kayan ɗakinta da ke kulle a nan Malali a zuba a kwantena. Ni dai kaina ya kulle, ku da ke waje ku faɗa mana gaskiya.

Ɗan Kawo: Wa alaikumussalam. Yallaɓai filin ta wane ɓangare yake, bakin titi ko can ciki? tambaya kawai nake

Hajiya Uwani: Kai Ɗan Kawo ka ji tsoron Allah, mutum na neman shawara kai har ka zaro tef ɗin awo

Baba Alhaji: Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu a zamaninmu ana tura mutum Ingila kos, shekara biyu uku ya dawo da satifiket da akwatin littattafai, ba mu taɓa jin wanda ya ce zai sayi gida a can ba. Fili ba ya cin tuwo ba ya shan ruwa, a bar masa abinsa. Ranar da Turawan nan suka canza doka ina zai nufa?

Ustaz: Ni kafin a je ko'ina, wannan "sauran banki ya biya" ɗin nake so a warware mana. Da ruwa ko ba ruwa? Don in da ruwa ne an gama magana, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, yana nan cikin Baƙara aya ta 275. Ba a sayar da halal a je a sayo yaƙi da Allah.

Maman Ilham: Yaya Baban Walida sannu da ƙoƙari. Ni ina Bradford shekara tara, mun sayi namu a 2021. Ustaz zan zo kan maganarka in sha Allah. Amma Yaya tambaya ɗaya tukuna, gidan Malali da kuke ciki na gado ne? an raba? yana da kaso a ciki?

Baban Walida: Na gado ne, Baba ya rasu 2019, an raba a takarda gaban malamai kowa ya san kasonsa, sai dai ba a sayar ba tunda Hajiya na ciki. Meye haɗin wannan da Manchester kuma?

Maman Ilham: To nan gizo ke saƙar, mu ma sai a ofishin lauya muka sani. A Ingila in ka sayi gida akwai harajin da ake biyan gwamnati, sitam duti. Wanda bai taɓa mallakar gida ba ana ɗauke masa, daga Afrilun 2025 ba ya biyan ko kwabo har zuwa fam 300,000. Amma fa "bai taɓa mallaka ba" ɗin nan a duk faɗin duniya suke nufi ba Ingila kaɗai ba, kuma har wanda ka gada ko aka ba ka kyauta yana ciki. Kenan kasonsa na Malali zai iya fitar da shi daga wannan rangwamen. In haka ne lissafinsa na kowa da kowa ne, fam 125,000 na farko ba haraji, abin da ya hau kai zuwa 250,000 kashi 2 cikin ɗari, a gidan 220,000 ya kama fam 1,900. Wannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce in kason nasa ya kai darajar fam 40,000, to a wurinsu gida na biyu yake saye, sai a ɗora masa ƙarin kashi 5 cikin ɗari na kuɗin gidan gaba ɗaya, da kashi 3 ne aka ɗaga a ƙarshen Oktoban 2024. Wato 11,000 kan 1,900. Kuma miji da mata abu ɗaya ake lissafa su a wannan ƙarin, in ita ce ma ke da gida a Kaduna ya shafe shi. Fili tsurarsa ba gini ba ya cikin lissafin, shi ya sa na ce gidan gadon ya fi filin muhimmanci a maganar nan. Ya kwashe komai ya faɗa wa lauyansa tun farko.

Baban Walida: Ikon Allah. Mu bakwai ne maza huɗu mata uku ga tumunin Hajiya, anya kasonsa zai kai haka?

Maman Ilham: In ka lissafa fam a naira dubu biyu, 40,000 miliyan tamanin kenan. Ku kuka san darajar gidanku, a samu mai ƙiyasta gidaje ya rubuta a takarda ya sa hatimi.

Ɗan Kawo: Wai tsaya, wane Bature ne zai hawo jirgi ya zo Malali ya duba wa ke da gida? ya ce ba shi da komai kawai mana

Ustaz: Ka ji ko. Daga riba an koma shaidar zur.

Maman Ilham: Ɗan Kawo hannu zai sa a takardar haraji, kuma mutumin da ke zaune da bizar aiki yana jiran takardar zama ta dindindin ba ya wasa da irin wannan. Fam dubu biyu ba ta kai mutum ya ɓata sunansa ba.

Dakta: Salam. Ina bin ku daga Houston, yanzu na fito daga aikin dare. Baba Alhaji da girmanka, ka yi min afuwa zan ɗan saɓa maka, don ni na bi wannan shawarar taka sak kuma ga inda ta kai ni. Shekara goma sha ɗaya ina zaman haya a nan, duk abin da na samu ina turawa gida ana min gini a Kinkinau. Ban da abin da wanda na damƙa wa aikin ya yi min, wannan na bar shi da Allah, hoton ginin wani aka yi ta turo min kusan shekara guda, sai da na zo da kaina na ga ko linta ba a kai ba. Na sake zuba kuɗi aka gama, ɗaki shida, falo biyu, tayil har katanga. Yau shekara tara da gamawa, in na haɗa kwanakin da na kwana a ciki ba su cika wata biyar ba. Mai gadi da iyalinsa su ke jin daɗin gidan, ni aikina biyan albashi da gyaran rufi duk damina, gara ta cinye ƙofofi biyu. A nan kuwa gidan da na so saye lokacin da na zo kuɗinsa ya yi nisa sosai, sai daga baya na saya da tsada, yarana sun yi wayo a gidan haya muna ƙaura daga wannan unguwa zuwa waccan. Muna ta cewa baɗi za mu koma, baɗi za mu koma, babbar 'yata yanzu tana jami'a. Ba na cewa kar a yi gini a gida, amma mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah ina yaransa ke kwana yau.

Baba Alhaji: Dakta na ji ka. Amma ko ba komai ranar da ka sauka Kaduna ba ka kwana a otal.

Dakta: Wallahi Baba zuwana na ƙarshe a otal na kwana, famfon gidan ya lalace

Hajiya Uwani: Hahaha Dakta ka kashe ni

Ustaz: Har yanzu ba a amsa min ba fa.

Maman Ilham: Ustaz ga ni. Hanya biyu ce a nan. Akwai bashin gida na bankunan da aka sani, mogej, wannan da ruwa ne ba wani kwana-kwana. Sai kuma na tsarin Musulunci, irin wanda Gatehouse Bank ke yi, musharaka mai raguwa. Kai da banki ku sayi gidan tare, misali kai kashi 20 su kashi 80, duk wata kana biyan hayar kasonsu kana kuma sayen wani yanki daga ciki, kasonsu na raguwa hayar na raguwa har gidan ya zama naka. Mu shi muka yi. Amma gaskiya biyu zan faɗa, ya fi tsada a wata in ka gwada da na sauran bankuna, kuma mu da muka je sai da suka nemi kafin alƙalami mai kauri.

Dakta: Mu ma nan Amurka akwai irinsa, Guidance Residential, tsarin kusan ɗaya ne.

Ustaz: To ita hayar da me ake auna ta? Don na ji an ce in babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa ita ma sai ta tashi. In haka ne ai an canza wa tuwo suna ne kawai.

Abu Sumayya: Ustaz a yi adalci. Auna farashi da wani ma'auni daban, ƙulla yarjejeniyar bashi da ruwa daban. Mai sayar da rago a Zango in ya duba farashin dala kafin ya yanka maka kuɗi ragon bai zama haram ba. Abin dubawa shi ne da gaske bankin ya mallaki kason nasa, kuma in asara ta zo wa ke ɗauka. Sannan tun 1999 majalisar fatawa ta Turai, wadda Sheikh Ƙaradawi ya shugabanta, ta ba da fatawar cewa Musulmin da ke zaune can wanda ba shi da gidan kansa kuma ba shi da wata hanya zai iya karɓar na bankin don buƙata, gidan zama ba na kasuwanci ba. Malamai da yawa sun yi mata raddi, ban ɓoye ba, amma magana ce da malamai suka yi saɓani ba wai mutanenmu na can duk sun zubar da addini ba ne.

Ustaz: Fatawar ta ce in babu wata hanya. Yanzu ga hanya Maman Ilham ta faɗa, tsada ce kawai. Tsada ba larura ba ce.

Abu Sumayya: A nan kam ban ja da kai ba.

Admin: Alhamdulillah yau Ustaz da Abu Sumayya sun haɗu a kan magana ɗaya, a rubuta kwanan wata. A ci gaba amma ban da dogayen odiyo don Allah.

Injiniya: Ni shawarata daban. In kuɗi zai zuba a waje me ya sa ba Dubai ba? Tun 2002 aka buɗe wa baƙi sayen gida a wasu unguwanni, kashi 4 cikin ɗari kake biyan hukumar filaye, ba harajin albashi, in gidan ya kai dirhami miliyan biyu ma ka nemi bizar shekara goma. Ingila fa ko titi guda ka saye ba ta ba ka izinin zaman kwana ɗaya.

Maman Ilham: Injiniya mutumin nan wurin kwana yake nema kusa da asibitin da yake aiki, daga Dubai zai riƙa zuwa dutin safe? Amma maganarka ta ƙarshe gaskiya ce kuma ita ce tsoron Baba Alhaji. Gida ba ya ba da takarda. Bizarsa a ɗaure take da aikinsa, a shekara biyar aka saba neman zaman dindindin, kuma a watan Mayun 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufa tana maganar mayar da shi goma. Bankuna ma suna duba wannan, mai zaman dindindin ya fi samun sauƙi, mai biza wasu su ƙi shi wasu su ce ya ƙaro kafin alƙalami. Ni da zai ji tawa ya fara zama da dillalin bashin gida ya ji nawa za a ba shi kafin a taɓa filin.

Sai abu na biyu Yaya, in har an sayar, don Allah kar a yi irin tamu ta gida. Lauyan da zai yi cinikin dole ne ya bi asalin kowane fam, doka ce ta hana wanke kuɗin haram. Zai nemi yarjejeniyar sayar da filin, shaidar kuɗin sun shiga asusunsa na Najeriya da sunansa, da yadda suka tsallako. In aka ba ɗan canji naira a Kaduna, wasu mutum biyar da bai sani ba suka tura masa fam a can, wallahi zai sha tambayoyi, ana iya rufe masa asusu ma. Ni kuɗin adashi ne ya kusa watsa mana ciniki, mu goma muke zubi, da na kwasa sai ga kuɗi daga mata tara, sai da na bi kowacce ta rubuto takarda, lauya Baturiya ina mata bayanin adashi tana kallona kamar na zo da tatsuniya. In Yaya za ka ƙara masa wani abu daga aljihunka kai ma sai ka rubuta cewa kyauta ce ba bashi ba.

Baban Walida: Ni da ko kuɗin sintirin KADGIS ba a biya ni ba

Ɗan Kawo: In dai ta banki ake so ni ta banki nake biya, ina dai faɗa ne

Hajiya Uwani: To ku gama da lissafinku mu zo kan kayan ɗaki don nan ne fagena, shekara ashirin ina harkar a Kasuwar Barci. Ni ina bayan yarinyar nan. Kayan nan ubanta ya yi mata, gado da wadrof da madubi da kujeru, ko shekara biyu ba ta mora ba aka kulle. Mace ba ta jin ta tare sai ta ga kayanta. Kuma katakon da kafintocinmu ke aiki da shi ina za a haɗa da wannan garin katakon da ake mannawa, wanda in ruwa ya taɓa shi ya kumbura kamar burodi.

Maman Ilham: Anti Hajiya wallahi na fahimce ta, ni ma na yi wannan kukan. Amma ki tambayi faɗin matakalar gidan tukuna. Gidajen nan na jere da ke manne da juna yawancinsu sun haura shekara ɗari, ƙofa siririya, bene ga tsayi ga lanƙwasa, gadonmu na shida da bakwai mai allon kai kamar ƙofar fada ba inda zai bi, wadrof mai ƙofa shida kuwa sai dai a cire taga. Gadon miji da mata da aka saba a nan faɗinsa santimita 135 ne, ɗakin ma an gina shi daidai wannan. Na san wadda ta kawo saitin kujeru daga gida, mai zaman mutum uku ta ƙi shiga falo, ƙarshe a gareji ta ƙare danshi ya cinye ta. Sannan rangwamen shigo da kayanka ba haraji na wanda ya ƙaura ne cikin shekara guda, su sun wuce nan, sai an biya harajin kaya kashi 20 cikin ɗari ga kuɗin jirgin ruwa ga na fito. Kujeru kuma akwai dokar gobara tun 1988, kowace kujera da lambarta a jiki, wadda ba ta da shi ko shagon sadaka ba zai karɓa kyauta ba balle ki sayar. Ga hita, in katako bai bushe sosai ba hunturu ɗaya zai fara tsagewa.

Hajiya Uwani: To a kan me za su zauna, tabarma?

Maman Ilham: Mu wata uku muka yi da katifa a ƙasa da kafet, ba wanda ya mutu. Kuskuren mutanenmu shi ne a kwashe kuɗi kaf a kafin alƙalami, a manta da lauya da mai duba lafiyar gini da motar kwasar kaya, sannan a ci bashin kujeru don kar 'yan ganin gida su raina. Teburin cin abincinmu a Facebook Marketplace na saya hannun wata tsohuwa, firij da injin wanki a shagon sadaka na British Heart Foundation, gadajen yara IKEA muka ɗauko Baban Ilham ya kwana yana ɗaurawa yana faɗa da takardar. Katifa ce kawai ban yarda da ta hannu ba saboda kuɗin cizo.

Ummu Khalil: Ku gode wa Allah ku kuna tarar da kicin. Mu nan Jamus gida za ki shiga ki tarar da bututun ruwa biyu a bango shikenan, wanda ya tashi ya kwance kicin ɗinsa har wurin wanke-wanke ya tafi da abinsa. Sati shida ina wanke kwanuka a bahon wanka.

Hajiya Uwani: La'ilaha illallahu, su kuma rowar tasu ta nan ta ɓullo

Maman Ilham: Abin da zan ce a aiko mata Anti, labule in an auno tagogin don ɗinki a nan tsada, zannuwan gado, kuloli, tukwanen tuwo, muciya da maburgi, kaskon turare, dardumai. Kayan wuta ma na gida suna aiki a nan don soket ɗinmu iri ɗaya ne.

Dakta: Mu kam a'a, wutar Amurka 120 ce, bilandar da madam ta taho da ita daga Kaduna sai gurnani take ba ta niƙa komai.

Maman Ilham: Turaren wuta kuma ta yi a hankali, ranar da na fara turara gida ƙararrawar hayaƙi ta tashi, maƙwabciyata ta fito da rigar barci tana buga mana ƙofa. Turmi kuma in bangonku ɗaya da maƙwabci kar ta soma. Banɗaki su duba, wasu tsofaffin gidajen har kafet ke ciki, kuma ƙasan katako ne ba magudana, in ana alwala ana zubar da ruwa silin ɗin ƙasa ne zai faɗa muku. Mu tayil muka sa muka kira mai gyaran famfo ya sa mana abin tsarki.

Ustaz: A duba alƙibla ma kafin a saya, kar masai ya fuskance ta.

Maman Ilham: Daga nan kudu maso gabas take, da waya a hannu muka riƙa shiga ganin gida, ejan ya zaci sabis muke nema.

Barista: Na makara amma bari in jefa biyu. Na ɗaya ya tambaya gidan da ƙasarsa ake sayarwa ko shekaru ne. Kamar dai yadda tun dokar filaye ta 1978 ƙasa ke hannun gwamna a nan, takardarka ta shekara 99 ce kana biyan kuɗin ƙasa, to can ma akwai lis, wato mallaka ta wasu shekaru ƙayyadaddu, kuma yankin Manchester gidaje da yawa haka suke, wasu shekara 999 wanda ba damuwa, amma in abin da ya rage ya gangaro kusa da 80 sabuntawa tsada kuma bankuna na gudu. Na biyu shi ne wanda ya shafi Hajiya kai tsaye. In suka rubuta gidan da sunansu su biyu a tsarin da wanda ya rage ke cinye duka, ranar da ta Allah ta kasance gidan na matar ne ko mijin kai tsaye, ba ya shiga rabon gado. Akwai ɗaya tsarin da kowa ke da kasonsa sananne, shi ne ke bin wasiyya. Kuma in mutum ya rasu ba wasiyya dokar Ingila ce za ta raba, mata ta ɗauki kayan amfaninsa da fam 322,000 na farko da rabin saura, 'ya'ya rabi, uwa ba ta da ko sisi, alhali a Musulunci sudusi ne nata. Ya rubuta wasiyya da shaidu biyu a satin da ya karɓi makulli.

Baba Alhaji: To kun ji. Wannan ita ce maganar da ta fi duk wadda aka yi yau.

Auta: Assalamu alaikum. Yaya ina wuni. Baba Alhaji ina gaisuwa, Anti Hajiya ina wuni.

Ɗan Kawo: Kai!! ashe mai filin na ciki

Baban Walida: Auta yaushe ka shigo gurup ɗin nan?

Auta: Yaya kai ka sa ni da hannunka tun bikin Walida, ban dai cika magana ba ne. Na karanta komai a hutun rabin dare, na gode wa kowa wallahi, maganar gidan gado da ta wasiyya ban taɓa kawo su a raina ba, gobe zan kira lauyan. Ustaz ka kwantar da hankalinka na Musuluncin muke nema, shi ya sa kuɗin hannuna suka gaza har na waiwayi filin. Abin da ban faɗa wa Yaya ba don kar Hajiya ta ji, sau biyu ana ba mu notis na wata biyu a shekara uku, ba don mun yi laifi ba mai gida ne zai sayar, na biyun cikin hunturu ne Maman Amir na da ciki wata takwas muna yawon neman gida ana ce mana ba a son masu yara. Gidan da muke yanzu bangon ɗakin yara baƙi ƙirin da danshi, ƙaramin kullum tari, na yi magana har na gaji. Amir makarantarsa uku yana shekara bakwai. Ban ce ba zan dawo ba Baba, amma ko yau na fara gini a Millennium City ba a ciki yaran nan za su kwana bana ba.

Baba Alhaji: Allah sarki. Ai ba a faɗa mana wannan ba. Allah ya ba yaron lafiya. Amma kasonka na Malali ko da wasa kar in ji.

Auta: Ko a mafarki Baba.

Hajiya Uwani: Ka ce wa Maman Amir ta kira ni, gadon da kujerun in ta yarda ni zan sayar mata da daraja a sa kuɗin a asusunta, nata ne ba naka ba ka ji ko. Ta auno min tagogi.

Auta: To Anti. Gidan akwai ɗaki ɗaya a ƙasa kusa da banɗaki, tun ranar da muka gani ta ce wannan na Hajiya ne in ta zo, ba hawa bene.

Baban Walida: Yanzu na karanta wa Hajiya wannan na ƙarshen. Ta yi shiru, sai ta ce wai tarin yaron tun yaushe, kuma me ya sa ba a faɗa mata ba. Ta ce ka kira ta in ka tashi daga aiki ko ƙarfe nawa ne. Wai kuma a tambaye ka bayan gidan akwai rana, inda za ta shanya kuɓewa.

Auta: Filin baya akwai ɗan ƙarami. Ranar ce dai Yaya ba zan yi mata alƙawari ba.

Ɗan Kawo: To bulo dubu biyun nan fa, da su za a sayar ko daban?

Admin: Ɗan Kawo ka bi shi ta inbos.